Littafin Mai da Taswirar Injiniya

Shekara ashirin da uku ina riƙe da littafin mai
a garejin hukumar gari, nan Garwa.
Na san motar da ke shan lita takwas
direbanta ya rantse goma ta sha.
Ran Talata aka kira ni sama,
ofis mai sanyi, wanda ban taɓa zama a kujerarsa ba.

Injiniya Dudu Hamajoda ta shimfiɗa taswira,
ta danne gefe da kofin shayi, gefe da wayarta.
Ta ce, motoci goma sha ɗaya na tafe,
ba sa shan mai, wuta suke sha.
Ina za mu kafa musu mashaya?

Na tarar an ɗiga jan alƙalami uku
a ƙofar ofishin magajin gari,
inda baƙi za su gani su jinjina kai.
Na ce, ranki ya daɗe, ba nan suke kwana ba.
Inda akuya ke kwana, nan ake kafa turke.

Motar shara ba ta gama Yelwa da Rumde Ajiya
sai bayan la'asar,
ta dawo da warinta ta kwanta bayan gareji.
Tankar ruwa, ƙishirwar mutane ce agogonta.
Ta asibiti kuwa tana Jambutu,
kuma naƙuda ba ta jiran batir ya cika.
A ba ta nata ita kaɗai, mai sauri,
sauran su yi layi, ba wanda zai mutu.

Filin can na gangare da kika zagaye,
zo ki gan shi a Agusta
in Binuwai ta cika ta batse:
kwaɗi ne ke taron majalisa a wurin.

Ta ajiye jan alƙalami. Ta ɗauki fensir.

Sai maganar wutar kanta.
Duk wanda ke ɗakin ya san Afrilu,
in ruwa ya ja baya a Lagdo,
fanka ta tsaya cak, yara su kwana a tsakar gida.
Ta ce, rana fa? Ita ba ta taɓa yi mana rowa ba.
Mu shimfiɗa mata faranti a rufin gareji,
mu tara ta da rana, mu shayar da dare.
Na ce, rufin nan ya girmi aikina,
kafin ya ɗauki rana
bari ya fara iya ɗaukar kyanwa.
Ma'aji ya yi tari,
ya rubuta kwano da katako, ya ja layi biyu a ƙasa.

Da na sauko, direbobi na gindin darbejiya.
Baba Sali ya ce, wutar nan,
ana iya ɗura ta a galan?
Aka yi dariya.
Ba kowa ya yi ba.

A bakin ƙofa Ilu na jera kwalaben zuwa-zuwa,
rana ta huda su, sun yi kalar zuma.
'Ya'yansa huɗu da man motocinmu suka yi makaranta,
wanda muka saya da wanda muka sayar masa.
Ya gaishe ni. Na amsa.
Taswira ba ta da wurin da za a ɗiga shi.

Na tambayi Injiniya littafina fa.
Ta ce yana nan, kan layi kawai za a sauya,
inda aka sa lita a sa kilowat.

Daren nan an ɗauke wuta.
Na kunna tocila, na buɗe shafin baya,
ina gwada hannuna a sabuwar kalmar.
Saura shafi arba'in da ɗaya na mai.